Jan wuta zuwa gareji da lambu: Aikin da magidanta suka ɗauka da hannunsu, babu mai dubawa

Ginin gidan Bahaushe ba ya ƙarewa ranar da aka tare a cikinsa. A garin Babban Mutum da ke ƙaramar hukumar Baure a masarautar Daura, daf da iyakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar kan hanyar Magarya, haka lamarin yake kamar yadda yake a Katsina da Kano. Ana farawa da ɗakuna biyu ko uku da zaure. Idan kasuwa ta yi albarka sai a kafa rumfar mota, bayan shekara biyu a zagaye ta da bulo ta zama gareji, daga nan a haƙa rijiyar burtsatse a bayan gida, a dasa zogale da mangwaro da gwaiba. Kowane ƙari kuwa yana neman wuta. Gareji na son fitila da soket, sau da yawa ma yakan rikiɗe ya koma ma'ajiyar firizar ƙanƙara, ko shagon cajin waya, ko wurin walda. Lambu na son injin jan ruwa da fitilar tsaro a kan katanga.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne mai yin aikin. Magidanci, ko babban ɗansa, ko wani yaro a unguwa da aka ce yana da hannu, shi ke sayo waya da salatif, ya ɓalle soket mafi kusa, ya jona, ya ratayo wayar ta kan katanga har inda ake buƙata. Idan kwan fitila ya kama, an gama. Ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwar da ke zaune a birni yana gini a garinsu ya san wannan sarai, domin sau tari ta waya yake ba da umarni, ya turo kuɗi, a turo masa hoton fitila tana ci.

Yadda aka kai ga haka

Ba ganganci kaɗai ya jawo wannan ba, akwai matsin aljihu. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta zarce naira 1,000 a ƙarshen 2024, janareta ya zama abin kunnawa da lissafi. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta ɗaga farashin wuta ga 'yan rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta. A watan Oktoban wannan shekarar kuma jihohin Arewa da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna da kuma matsalar da ta afka wa layin da ke biyowa ta Makurɗi zuwa Jos. Wanda ya yi asarar kayan firiza a wancan lokaci bai buƙaci mai talla ya gamsar da shi game da sola ba.

Garuruwan iyaka suna da nasu ƙarin nauyi. A watan Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, lamarin da ya sa mazauna irin su Babban Mutum dogaro da man jarka da na kwalba. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai watan Maris na 2024. Garin da cinikinsa ya rataya a kan shige da fice, idan aka rufe ƙofa sau biyu cikin shekara biyar, ladan ƙwararren mai wayarin na cikin abubuwan farko da magidanci zai soke daga kasafinsa.

Sakamakon shi ne gida ɗaya, wuta iri uku: ta kamfanin KEDCO da ke rarraba lantarki a jihohin Kano da Katsina da Jigawa, wadda har yau jama'a ke kira NEPA, da ta janareta, da ta farantin sola da batir da inbata. An shimfiɗa wayoyin yawancin gidajen nan ne lokacin da kayan wutarsu ba su wuce fitila da fanka da talabijin ba. Yanzu kan waɗannan wayoyin ake ɗora gareji da lambu.

Lissafin da ake tsallakewa

Tun ran gini ran zane, in ji masu iya magana. Aikin wuta yana farawa ne da takarda da alƙalami, kuma wannan mataki ne da kowane magidanci zai iya yi da kansa ba tare da ya taɓa waya ba: ya rubuta duk abin da zai yi amfani da shi a garejin da lambun, ya duba ƙarfin kowanne a jikin tambarinsa, ya tara, sannan ya tambayi kansa waɗanne ne za su yi aiki a lokaci guda.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Soket na yau da kullum an yi shi ne don amfiya 13, wato abin da bai wuce wat 3,000 ba. Dutsen guga kaɗai na iya cin wat 1,000 zuwa 2,000, hitar dafa ruwa haka. Injin jan ruwa mai ƙarfin doki ɗaya na cin kusan wat 1,000 idan yana tafiya, amma a daƙiƙun da yake tashi yakan ja ninki uku zuwa shida na haka, firiza ma haka take yi duk lokacin da injinta ya tashi. Ƙaramin injin walda yakan ja amfiya 20 zuwa 30, abin da ya fi ƙarfin kowane soket na ɗaki. Wanda ya jona gareji daga soket ɗin ɗakin kwana ya ɗora duk wannan kaya a kan waya guda da aka shimfiɗa don fanka da cajin waya, wayar kuma tana cikin silin inda ba mai ganin ta.

Kaurin waya shi ne batu na biyu. Masu sana'a na amfani da waya mai lamba 1.5 don fitilu, mai lamba 2.5 don soket, sannan 4 ko 6 don manyan kaya, lambar kuwa tana nufin kaurin jan ƙarfen da ke ciki. Mai lamba 1.5 na ɗaukar kimanin amfiya 15, mai 2.5 kuma amfiya 20 da 'yan kai, amma wannan ƙiyasi an yi shi ne a kan zafin da bai wuce digiri 30 ba. A Daura da kewaye, daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, ballantana ƙarƙashin kwano da tsakar rana. Robar da ke lulluɓe da wayar gida ba ta jure zafin da ya wuce digiri 70. Ke nan wayar da ta isa a littafi tana iya gazawa a ƙarƙashin rufin gareji, robarta ta bushe a hankali, ta tsattsage, sai wata rana wayoyi biyu su haɗu.

Nisa ma na cin ƙarfin wuta, kuma a nan ne masu lambu suka fi yin asara. Idan aka ja amfiya 10 ta waya mai lamba 1.5 tsawon mita 50, kimanin bolt 14 za su zube a hanya. Da mai lamba 2.5 asarar ba ta wuce bolt 9 ba, da mai lamba 4 kuwa ƙasa da 6. Bambancin kamar ba wani abu ba ne, sai an tuna cewa garuruwan da ke ƙarshen dogon layi sau da yawa wutar na iso musu da rauni tun daga taransifoma. Injin da bai samu isasshen ƙarfi ba yakan yi gurnani, ya ja wuta fiye da kima, ya yi zafi, ya ƙone. Mai gida ya zagi kamfanin injin, ya sayi wani, ya ɗaura a kan wayar nan dai. Kuɗin injin guda ya ishe shi sayen wayar kirki har da canji.

Akwai kuma kuskuren da ya zo tare da sola. Mutane da yawa na ɗauka tunda batir bolt 12 ne kawai, ba ya jan mutum, to kowace waya ta wadatar. Lissafi ya nuna akasin haka. Kayan da ke cin wat 600 ba sa jan abin da ya kai amfiya 3 a wutar bolt 230, amma a ɓangaren batir mai bolt 12 amfiya 50 suke ja. Siririyar waya tsakanin batir da inbata garwashi ce mai jiran lokaci, musamman idan babu fis a kusa da kan batirin. Farantin sola kuma ba shi da makunni: muddin rana na dukansa yana fitar da wuta, ko an kashe komai a cikin gida.

Waya a kasuwa

Ko an yi lissafi daidai, saura abin da za a tarar a shago. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama wayoyin jabu tana lalatawa, amma ba su ƙare ba. Akwai wadda aka rubuta 2.5 a jikinta alhali cikinta bai kai ba, akwai nadin da aka ce mita 100 ne amma ya gaza, akwai kuma ta alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Alminiyom ba ya ɗaukar wuta sai kimanin kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kaurinsa ke ɗauka, kuma yakan saki a wurin ɗauri, wurin ya riƙa zafi. Gane ta ba wuya: a kankare bakin wayar da wuƙa, idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, to ba jan ƙarfe ba ne. Ta fi sauƙin nauyi a hannu, ta fi sauƙin kuɗi. Araha dai ba ta ado.

'Yan kasuwa sun fi kowa sanin abin da gobara ke yi. Ba a manta da ta kasuwar Sabon Gari a Kano a watan Maris na 2016 ba, ko ta babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ko ta babbar kasuwar Katsina a watan Maris na wannan shekarar. Jami'an kashe gobara sun daɗe suna lissafa matsalar wayoyin lantarki cikin manyan musabbaban gobara a kasuwanni da gidaje. Abin mamaki shi ne mutumin da zai yi faɗa da maƙwabcinsa a kasuwa kan jone-jonen waya, shi ne zai koma gida ya yi irinsa a garejin da yake ajiye hajarsa.

Ruwa, yashi da ƙafa ba takalmi

Hatsarin gareji gobara ce, na lambu kuwa rai ne kai tsaye. Fis ko bireka an yi su ne don kare waya daga ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta, ba sa yankewa sai wuta ta kai amfiya 15 ko 20 ko fiye. Jikin ɗan Adam kuwa, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba ya isa ya rikita bugun zuciya. Yaron da ya taɓa injin ruwa mai yoyon wuta, ƙafarsa a cikin laka ba takalmi, zai iya rasa ransa bireka na nan a kunne ba ta ko motsa ba.

Abin da ke kare mutum wata na'ura ce daban da ake kira RCD, wadda ke auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. Da zarar ta ga giɓin da ya kai miliamfiya 30, alamar wuta na zurarewa ta wani wuri, sai ta yanke cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Girmanta bai wuce tafin hannu ba, kuɗinta bai kama ƙafar na injin da za ta tsare ba, amma gidaje ƙalilan ne ke da ita. Wasu masu wayarin ma kan cire ta idan ta yawaita yankewa, maimakon su nemo inda wutar ke yoyo. Wannan daidai yake da korar maigadi saboda yana yawan ihun ɓarawo.

Sai wayar ƙasa, wadda masu sana'a ke kira atin, mai haɗa jikin ƙarfen kowane inji da sandar da aka kafa a cikin ƙasa. A nan yanayin yankin Daura na da nasa hukunci. Ƙasar Baure da Zango da Mai'aduwa jigawa ce, yashi ya fi yawa, busasshen yashi kuwa ba ya karɓar wuta da kyau. Guntuwar sandar da aka buga a gindin katanga tana iya yin aiki a watan Agusta, ta zama ado kawai a watan Afrilu. Maganin shi ne sanda mai tsawo da za ta kai ga damshi, ko sanduna biyu zuwa uku a haɗe, sannan a auna da na'ura. Ido ba ya iya wannan awo.

Hanyar da wayar za ta bi ita ma abin tsarawa ce. Wayar cikin ɗaki ba a yi ta don rana da ruwa ba. Idan aka rataya ta a reshen darbejiya iskar farkon damina za ta tsinka ta, idan aka shimfiɗa ta a ƙasa akuya da ɓera za su ci rabonsu, idan aka binne ta tsirara gara da fartanya na jira. Ƙa'ida ita ce waya mai sulke, ko waya a cikin fayif mai ƙarfi, a rami mai zurfin aƙalla rabin mita, a rufe da yashi, a jera bulo ko a shimfiɗa kyallen gargaɗi a sama domin mai haƙa na gaba. Kada a yi ɗauri a cikin ƙasa. Soket da makunnin waje su zama masu murfi, a ɗaga su sama da inda ruwa ke kwanciya da inda hannun yaro ke kaiwa. Ga fitilun katanga kuwa, masu ɗauke da farantinsu da batirinsu sun raba gardama, tunda ba sa buƙatar a ja musu waya ko ɗaya.

A cikin garejin kansa, abubuwa uku ne ba sa zama ɗaki guda: jarkar fetur, batir mai ruwa da ke fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, da duk abin da ke tartsatsi. Janareta kuma ba ya kwana a rufaffen gareji, musamman mai ƙofa zuwa cikin gida, domin hayaƙinsa na ɗauke da gubar da ba ta da wari, kuma an sha jin ya hallaka iyali guda a cikin barci. Haka nan dole a samu makunnin canji tsakanin wutar kamfani da ta janareta ko inbata. Wanda ya cusa wayar janareta a soket ba tare da ya raba gidansa da layi ba, yana tura wuta baya zuwa kan turke, inda ma'aikaci ke iya kasancewa yana gyara da yaƙinin an ɗauke wuta.

Doka ta tsaya a bakin mita

A takarda, Najeriya ba ta rasa tsari ba. Dokar 2015 ta kafa hukumar NEMSA domin duba ayyukan lantarki da gwada su da ba da shaidar inganci, ita ce kuma ke ba masu aikin wayarin takardar ƙwarewa. Dokar Lantarki ta 2023 ta ci gaba da riƙe wannan aiki, ta bai wa jihohi damar tsara kasuwar wutarsu, ta kuma halatta wa mutum samar da wutar da ba ta wuce megawat ɗaya ba a wuri guda ba tare da lasisi ba. Wato doka ta buɗe wa magidanci ƙofar zama kamfanin wutar gidansa, amma jami'an da za su duba abin da ya haɗa suna manyan birane, hankalinsu na kan taransifoma da manyan layuka da mitoci. Kamfanin rarraba wuta kuma damuwarsa kada a zagaye mita, wanda laifi ne mai hukuncin tara da ɗauri. Abin da ke bayan mita, tsakanin mai gida ne da Mahaliccinsa. Hatta alƙaluman haɗurra da NERC ke fitarwa duk wata uku daga rahoton kamfanoni suke fitowa, don haka yaron da wuta ta ja a lambun gidansu da wuya ya shiga lissafi.

A Ingila, tun 2005 dokar gini ta raba aikin gida biyu: ƙananan gyare-gyare mai gida na iya yi, amma jan sabon layi daga allon rarraba wuta sai an sanar da hukuma ko mai rajista ya yi ya ba da takarda. Ba a hana mutane taɓa gidajensu ba, an dai ja musu iyaka. Irin wannan iyakar ce ta dace da Babban Mutum, domin hani ɗungurungum ba zai yi tasiri a inda babu mai tilastawa ba. Magidanci na iya yin lissafin kaya, ya zana hanyar waya, ya haƙa rami, ya shimfiɗa fayif, ya sayo kaya masu kyau da kansa, abin da zai rage masa kaso mai tsoka na kuɗin aiki. Amma buɗe allon rarraba wuta, da ɗaura makunnin canji, da kafa atin da auna shi, da haɗa inbata da wayoyin gida, aikin mai takardar shaida ne, kuma mai gida na da haƙƙin cewa a nuna masa takardar kafin a fara.

Matsalar ita ce samun irin wannan mutum a kusa. Yawancin masu wayarin a ƙananan garuruwa a hannun maigida suka koya, da yawansu sun iya aiki ƙwarai, sai dai ba su da na'urorin gwaji, ba su kuma taɓa zama jarrabawar hukuma ba. Daura na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019. Gajeren horo na makonni ga masu sana'ar da ke Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa, tare da kawo jarrabawar NEMSA kusa da su, ba aiki ne da ya fi ƙarfin gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa da ƙananan hukumomin ba. Ƙaramar hukuma ma na iya sayen na'urar auna atin guda biyu ko uku ta ajiye a sashen ayyuka, ana aro ko ana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Hakimai da dagatai, waɗanda da saninsu ake cinikin fili da gida a karkara, suna da bakin da za su sa a riƙa tambayar wanda ya yi wayarin kafin a tare.

Ga wanda ya riga ya ja wutarsa, lokacin dubawa shi ne bazara. A watan Maris da Afrilu ƙasa ta fi bushewa, don haka sandar atin da ta ci gwaji a lokacin za ta yi aiki duk shekara. A lokacin ne kuma wayoyin ƙarƙashin kwano ke shan zafi mafi tsanani, soket mai ɗumi ko mai ƙaurin roba zai tona kansa. Na'urar RCD na da ɗan maɓalli a jikinta wanda idan aka danna dole wuta ta yanke nan take. Idan ba ta yanke ba, a canza ta kafin ruwan farko ya sauka a watan Mayu ko Yuni, lokacin da yara za su fara bin lambu ba takalmi.